Takardar da Ta Kwana Tara

Ƙarfe tara da kwata a Matosinhos,
tsuntsayen teku na rigima a rufin kasuwar kifi.
Mu shida muna tsaye a bene na biyu,
kujeru a bayanmu, ba mai taɓa su,
don mai tsaye ba ya jan zance.

Allonmu fari ne, layi biyu sun tsaga shi uku:
abin da ke jira, abin da ke hannu, abin da ya fita.
Benedita ta kafa doka da jan alƙalami,
gidan tsakiya kada ya wuce takarda huɗu.
Taura biyu ma ba ta taunuwa,
balle ka cika bakinka da goma.

Kowa ya faɗi na jiya, ya faɗi na yau,
ya faɗi abin da ya tare masa hanya.
In an zo kaina sai in ce, "Babu komai."
Na faɗa ran Litinin, na faɗa ran Talata.
Takardata rawaya tana nan inda na manna ta,
gam ya gaji, kunnenta ya nannaɗe,
kwana tara ina kai ta gida a cikin kai,
in dawo da ita da safe yadda take.

Ran na goma ta faɗo da kanta,
ta sauka a kan takalmin Duarte.
Ya ɗauka, ya karanta, bai tambayi dalili ba.
Ƙarar kujerarsa kawai na ji a gefena.
"Kai ka tuƙa," ya ce, "ni zan duba hanya.
Mu fara rubuta gwajin da zai faɗi."

Ya faɗi kuwa.
Fitilar da muka ɗora kan firji ta yi ja,
kowa ya gani, ƙasa ba ta tsage ba.
Hannu biyu, ido huɗu, kofi ya huce,
kafin rana ta raba muka kama ɓarawon:
sikeli yana aiko ɗigo, manhaja tana jiran waƙafi,
kilo ɗaya da rabi na sardin
ya zama kilo goma sha biyar.
Ɗigo ɗaya! Kwana tara!
Fitila ta koma koriya, ni ban iya dariya ba.

Ran Juma'a, ƙarshen zangon mako biyu,
Dona Graciete ta hawo bene tana haki,
takalmin roba, ƙarnin kifi har gwiwar hannu.
Ba ma kai mata labari, gani ya kori ji.
Shafuka ukun da muke taƙama da su
ko kallo ba su ishe ta ba.
Ta danna waya da jiƙaƙƙen yatsa, ta sake dannawa.
"Wannan maɓallin, don masu busasshen hannu kuka yi shi?"
Filipa ta yago sabuwar takarda,
ta manna ta a sama da dukan sauran.

Da yamma muka rufe ƙofa don waiwaye.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Na ce, "Kunya ce ta riƙe ni, ba aikin ba."
Ba wanda ya ba ni haƙuri, ba wanda ya yi mini faɗa.
Abu ɗaya muka rubuta, ƙarami:
kowace safiya a ɗiga wa takarda ɗigo,
in sun kai uku, a jawo kujera.

Litinin ta sama, ana yayyafi, jirage ba su fita ba.
Aka zo kan Telmo, sabon yaronmu,
ya dubi igiyar takalminsa, ya ce, "Babu komai."
Na san muryar.
Na ƙirga ɗigon da ke kan takardarsa,
na tafi ɗauko kujerata.